Rakiyar Kyaftin Jatau

Moss Side, Manchester, kafin gari ya waye

Wayata ba ta kai ga kiran sallar asuba ba na ji Mma tana kakkaɓe zani a ɗakin baƙi. Mma ita ce mahaifiyata, haka mu 'yan Kumasi muke kiran uwa. Shekarunta sun haura tamanin, ƙafa ta fara ba ta wahala, amma ranar Asabar ɗin nan ta riga ni wanka, ta riga ni ɗaura ɗankwali, har ta zo ta tsaya a kaina tana tambaya ko motar Birmingham tana jiran malalata.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu, tunda da yawanku a gida kun dame ni da tambaya a waya. Ni Ramatu ban san ubana ba. Soja ne, kofur. An kwashe su daga barikin Kumasi aka kai su Kwango lokacin rikicin da ya biyo bayan samun mulkin kan ƙasar, Mma tana ɗauke da cikina. Bai dawo ba. Abin da ya dawo shi ne akwatinsa na ƙarfe da saƙon cewa ya rasu. Daga baya wani cikin waɗanda suka dawo ya faɗa a gidan suna, a kunnen Mma, cewa waɗanda aka kashe a wurin cikin kogi aka zuba su. Wani kuma ya ce ƙarya ne. Shekara sittin da ɗoriya Mma ba ta san ko an yi wa mutumin nan wanka da sallah an binne shi ba, ko kuwa ruwa ne ya tafi da shi. Ta yi wani auren, ta haifi ƙannena biyar, ta je Makka, amma tambayar nan ba ta rabu da ita ba.

Kafin tafiyarsa Baba yakan ba ta labarin hafsansu, wani dogon Bature mai jan gashi da sojoji suka laƙaba wa suna Kyaftin Jatau. Baba ne yake goya masa oba-oba, rediyon nan da soja suke magana da juna ta ciki, duk inda ya sa ƙafa yana bayansa. To, a watan jiya, wajen wani taron suna a unguwar Withington, nan Manchester, sai na ji Hajiya Zainab tana ba mata dariya. Mijinta Dakta Nasiru ɗan Kano ne, likitan unguwa a Birmingham. Wai ya je duba marasa lafiya a wani gidan kula da tsofaffi, wani tsohon Bature ya riƙe masa hannu ya ce, “Likita, ina gajiya?” Ya kuma ce masa a Kumasi Jatau ake kiransa. Wallahi cokalin da ke hannuna faɗuwa ya yi cikin shinkafa.

Allah da ikonsa, Mma tana wurina, ta zo an cire mata yanar ido, kuma a makon da za mu shiga za ta koma gida. Dakta ya yi magana da 'yar tsohon, ta yarda da ziyarar awa ɗaya ranar Lahadi da safe, don da safe ne kawai hankalinsa yake tare da shi. Na ce a gaya musu abin da ke tafe da mu tun a waya, ya sami lokacin tunawa. Mma ta harare ni. “Maganar mamaci za ki aika ta waya? Ki ce musu gaisuwa muka zo.”

Haka muka fito, sanyi yana cizo, ita da ƙullin goronta a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, ni da jaka da laima. Bas ɗin da ya ɗauke mu zuwa tsakiyar gari cike yake da masu sharar ofis da ma'aikatan asibiti, kowa ya sunkuyar da kai. Mma ta gaishe su da Hausa, wata 'yar Jamaika ta amsa mata da murmushi, ta tashi ta ba ta kujera.

A kan hanya

Daga tashar manyan motoci ta Manchester zuwa Birmingham mil tamanin ne da 'yan kai. Direbanmu wani ƙato ne mai zanen tambari a hannuwa, irin wanda in kin gan shi a lungu za ki canja hanya. Shi ne ya sauko ya tallafi Mma ta hau matakala, yana ce mata “my love”. Ta tambaye ni abin da ya ce, na fassara mata, wai masoyiyata. Ta ce, “Ki ce masa ya makara.”

Da muka hau babban titin da ake kira M6, gari ya fara wayewa. Ni shekara ashirin da wani abu nake ƙasar nan, a kicin ɗin makarantar firamare nake aiki, kuma in gaya muku gaskiya ban taɓa ɗaga kai na kalli gefen titin nan ba. Mma ce ta sa na kalla, da sabon idonta. Filaye kore shar, tumaki ba makiyayi, shanu ƙiba kamar an hura su, raɓa ta kwanta a kan ciyawa. Tana kallo tana “Subhanallahi” a hankali.

Can ta dafa ni. “Ramatu, har yanzu ba mu zo shinge ba? Ina 'yan sandan hanya?”

Na nuna mata kyamarorin da ke rataye a sama, na ce su ne 'yan sandan.

“Ba sa karɓar na goro?”

“Sai dai su biyo ki gida da takarda.”

Ta girgiza kai ta ce gara na Tamale, aƙalla ana iya roƙonsu.

Mun tsaya sau ɗaya a wurin hutawar matafiya. Na sayo mata shayi, kuɗinsa ba zan faɗa ba don kada ku ce almubazzaranci nake a Turai. Ta kurɓa sau biyu ta miƙo mini, ta zaro carbi. Muka koma mota. Ina ta tunanin idan tsohon ya ce bai tuna ba, ko mafi muni ya ce gaskiya ne kogi aka zuba su, da wane baki zan lallashi matar nan a hanyar dawowa.

Gab da shiga Birmingham akwai wani wuri da titina suka hau kan juna, gada bisa gada, wata ta ratsa ƙarƙashin wata, jirgin ƙasa a ƙasa, ruwa a ƙarƙashinsa. Mma ta riƙe kujerar gabanta da hannu biyu, ta ce, “Mutum ne ya yi wannan?” Na ce mutum ne. Ta ce, “To, Allah Ya saukar da mu ta inda ya dace.”

Aston

Dakta Nasiru da kansa ya zo tasha. Ya cire hula ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti ya gaida Mma, Turawa suna ratsa shi suna kallo. Tun daga nan ya shiga ranta. Gidansu yana Aston, ya ce tun yana jami'a yake unguwar, ya saba da masallacinta da mahautanta, ya kasa tashi. Hajiya Zainab ta tare mu da tuwon shinkafa miyar kuka, har da man shanu. 'Ya'yansu suka zo gaisuwa, “ina wuni” ɗin kawai ce ta Hausa, sauran Turancin Birmingham ne da ni kaina sai na kasa kunne.

Bayan azahar Dakta ya zauna a ƙasa kusa da Mma ya ba mu labarin mutumin da za mu gani, yadda ya ji daga bakinsa da bakin 'yarsa. Sunansa na gaskiya ba zan rubuta ba, 'yar ta roƙi haka.

“Mama, ba ƙaramin mutum ba ne,” in ji shi. “Lord ne, sarautar gado. Kakanninsa daga Ingila suka tafi Ireland shekaru aru-aru, aka ba su ƙasa, suka gina gida mai ɗakuna kamar asibiti. Duk namijin gidan soja yake zama. Lokacin da mutanen Ireland suka tashi neman 'yancinsu, aka cinna wa gidan wuta, a zamanin kakansa. Ubansa kuma ya mutu a yaƙin duniya na biyu, shi yana ƙaramin yaro a makarantar kwana. Kin san yadda ya sami labari? Hedimasta ya aika a kira shi daga aji. Yana shiga ofis, mutumin ya miƙe tsaye, ya kira shi da sunan sarautar ubansa. Daga nan ya gane.”

Mma ta ce, “Innalillahi. Maraya ne ashe.”

“Da ya gama makarantar hafsoshi shi ya nemi a tura shi ƙasarku. Ya koyi Hausa a bariki, don a lokacin da ita ake magana da soja. Bayan samun mulkin kai ya zauna a matsayin aro, ya bi su Kwango. Daga baya ya yi ƙasar Larabawa, ya yi Jamus, ya kai kanar. Ya zauna a majalisar manya ta London shekara da shekaru, har aka zo aka rage masu kujerar gado. Ɗa namiji kuma babu, 'ya mace ba ta gadon sarautar. Ranar da ya rufe ido, shi ke nan sunan ya ƙare.”

Na tambaye shi ko shi Ba'ingile ne ko ɗan Ireland. Dakta ya yi dariya ya ce wannan ita ce matsalar, a Ireland ana ce musu Ingilishi, a Ingila ana ce musu 'yan Ireland.

Mma ta tafa hannu. “Ashe ɗan zango ne. Mu ma a Kumasi 'yan Nijeriya ne, in mun je Kano ku ce mana 'yan Gwanja.”

Dakta ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, “Mama, a yafe mana.” Sannan ya daina dariyar ya dube ni. “Anti, one hour ce fa, kuma ba ya kaiwa ƙarshenta. Da zarar ya gaji sai ya ɓace, ba ya gane ko 'yarsa. Ku shiga maganar da wuri.”

Na ce in sha Allahu. Mma kuwa tana warware goronta tana yayyafa masa ruwa.

Gidan tsofaffi

Lahadi da hantsi muka kama hanyar kudancin gari a motar Dakta, ana yayyafi. Mun bar shagunan Aston da masallatai, muka shiga unguwannin manyan bishiyoyi inda ba ka ganin kowa a waje sai masu yawo da kare. Gidan yana ƙarshen wata doguwar hanyar tsakuwa, daga ƙofar waje zuwa ginin ma tafiya ce. A ciki muka rubuta suna, muka shafa maganin hannu. 'Yarsa ta tare mu, dattijuwa ce sa'ata, mai fara'a amma idonta a kan agogo.

A bakin ɗakin Mma ta tuɓe takalma. 'Yar ta ce ba sai ta cire ba, na ce mata ta ƙyale ta kawai.

Jama'a, na shiga gidajen masu kuɗi a garin nan, ban taɓa jin abin da na ji a ɗan ƙaramin ɗakin nan ba. Gado ɗaya, kujera ɗaya, taga mai kallon lambu. Amma a bango ga zanen wani kakansa cikin jar riga, ga takobi a rataye, ga lambobin yabo jere cikin gilashi, nasa da na ubansa da na kakansa. Abin da ya rage na wancan ƙaton gida da sarautar ɗaruruwan shekaru ke nan, duka ya shige ɗakin da bai kai kicin ɗin makarantarmu ba. A ƙasan takobin kuma ga hoton sojoji baƙaƙe cikin jar dara da gajeren wando, wani siririn Bature zaune a tsakiyarsu. Mma ta dubi hoton sau ɗaya ta kawar da kai.

Shi kuwa yana cikin keken guragu, ya sha kwat da laktaye. Jan gashin ya zama fari fat, jikin ya zube, amma ƙasusuwan suna nan, ana gani an san an yi dogo. Da ya ga Mma sai ya dafa hannuwan keken zai miƙe. 'Yarsa ta danne masa kafaɗa. Mma ta durƙusa har ƙasa.

“Ranka ya daɗe.”

“Maraba, maraba da mutanen Kumasi,” in ji shi, da wata murya mai kauri da ban zata ba. “Hajiya, tashi, tashi. Sannu da zuwa. Ina kwana?”

Hausar tsofaffin sojan Zango ce, irin wadda na ji ina yarinya a bakin masu gadin kanti, wadda na ɗauka ta mutu da su.

Daga nan fa aka buɗe gaisuwa. Ina gajiya, ina sanyi, ina gida, ina yara, ina labarin ruwa. Ta amsa, ita ma ta mayar masa, yaya jiki, yaya ƙarfin hali, yaya iyali. Suka gama suka sake sabo. Ta miƙa goro da hannu biyu, ya karɓa da hannu biyu, ya zaɓi fari, ya yi ta fama da yatsu masu rawa har ya ɓare shi. Bai yarda an taya shi ba. Ya ba ta rabi, ya ɗan gatsa rabin, ya lumshe ido ya daɗe bai buɗe ba. 'Yarsa ta ce mini a hankali da Turanci, ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Ya tambayi babbar kasuwa, ko har yanzu tana cin wuta. Ya tambayi masu tuwon bakin tasha. Ya ba mu labarin ranar da ya fara azumi don ya ga abin da sojansa suke ji, ya faɗi a filin fareti kafin azahar, suka yi masa waƙa. Dariya har da tari. Labarin da daɗi, amma ni idona yana kan agogon bango, rabin lokacin ya tafi.

Na taɓa ƙafar Mma. Ta yi kamar ba ta ji ba. Na sake, ta kai hannu ta baya ta mintsine ni, irin mintsinin da rabona da shi tun ina 'yar talla. Na dubi Dakta, shi ma gumi yake cikin sanyin nan. Ni ba zan tsallake uwata in yi magana a gaban babba ba. Ita ba za ta shigo ɗakin mutum ta jefa masa maganar mutuwa da goro a bakinsa ba. Shi kuma tsohon, da ya sha tarbiyyar bariki, ba zai tambayi baƙo abin da ya kawo shi ba. Mu uku muka zauna muna ta ladabi, lokaci yana tsiyayewa.

Sai na ga kansa ya fara rinjaya. Ya kira 'yarsa da wani suna da ba nata ba. Mai kula da shi ta leƙo ta yi mata alama. 'Yar ta miƙe ta ce ta gode ƙwarai, amma ya gaji.

Mma ta gyara mayafi ta ce, “To, ranka ya daɗe, za mu koma. Allah Ya ƙara lafiya.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma na haushi ne. Mil tamanin, shekara sittin, mu zo mu ci goro mu tafi. Na sunkuya ina sa mata takalma ina cewa ƙasa-ƙasa, “Mma, me kika yi mana haka?” Ta ce, “Ke dai sa mini takalmi.”

Bakin ƙofa

Muna juyawa muka ji muryarsa a bayanmu, da Turanci, irin ta mai ba da oda. Hularsa yake nema. 'Yar ta ce ana ruwa, likitoci sun hana shi fita sanyi. Ya dubi Dakta Nasiru ya koma Hausa.

“Likita, baƙi sun zo tun daga Kumasi, in sallame su daga kan kujera? Tura ni.”

Dakta ya dubi 'yar, ta ɗaga kafaɗa, ta ɗauko bargo. Aka lulluɓe shi, aka sa masa hular, ni na riƙe masa laima. Muka ratsa dogon baranda, tsofaffi suna bin mu da kallo. A ƙofar ginin 'yar ta ce to nan ya isa. Ya nuna gaba da haɓa. Muka wuce inda motar Dakta take, ya sake nuna gaba. Tayoyin keken suna nutsewa cikin tsakuwa, Mma tana takawa a gefensa da sandarta, har muka kai ƙofar waje ta bakin titi. Nan ya ɗaga hannu aka tsaya.

Iskar ta wartsakar da shi, idonsa ya dawo tar. Ya juyo ya dubi Mma.

“To, Hajiya, mun fito. Ba goro kaɗai ya kawo ki ba.”

Sai a lokacin na gane. Ni da na girma a Zango, na ga an yi haka sau ba adadi, baƙo ya wuni ana hira, sai an rako shi bakin hanya ya faɗi abin da ke ransa. Zaman Turai ya mantar da ni. Su biyun ba su manta ba.

Mma ba ta taɓa kama sunan Baba a gabana ba, ranar ma ba ta kama ba. Ta ce, “Ramatu, gaya masa 'yar wace ce ke.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni 'yar Kofur Salifu Zabarma ce.”

Sai ya cire hular ya ɗora a cinya, ruwa yana sauka a gefen kansa.

“Salifu. Mai oba-oba. Ya ce mini matarsa tana da ciki.” Ya dube ni sama da ƙasa. “Ke ce cikin.”

Mma ta jingina da sandarta. “An ce a kogi aka zuba su.”

“Akwai waɗanda ruwa ya tafi da su, wannan gaskiya ne. Salifu ba ya cikinsu. Ni na goyo shi daga bakin kogin zuwa inda muka yi zango.”

“Ya yi kalmar shahada?”

“Ban ji ba, Hajiya. Ba zan yi miki ƙarya ba. Harsashi ne, nan take. Amma da asubar ranar na gan shi yana sallah a bayan mota.”

Ta gyaɗa kai. “Wa ya yi masa wanka?”

“Saje Musa da wani Bagobiri mai dafa abinci. An kafa bargo aka kare shi.”

“Likkafani fa?”

“Babu alawayyo a dajin. Ina da zanen gado fari a akwatina, uwata ta aiko mini daga Ireland, ban taɓa shimfiɗa shi ba. Akwai tambarin gidanmu a ɗinke a gefe ɗaya. Saje ya ce ba a binne Musulmi da ado, ya sa wuƙa ya yanke wurin. Sahu biyu suka yi masa sallah, Saje ya ja. Ni na tsaya a baya.”

Dakta ya karɓi laimar daga hannuna.

Tsohon bai gama ba. “Akwai abu ɗaya da nake so in gaya wa mai shi tun lokacin. Da za a haƙa kabari, suka ja layi yadda fuskarsa za ta dubi gabas, kamar yadda ake yi a gida. Na buɗe taswira na ɗora kamfas, na ga daga inda muke Makka ba gabas take ba, ta karkata arewa sosai. Na gaya musu. Suka ce tun kakanninsu gabas ake duba. Muka yi gardama, rana tana faɗuwa, ana jin harbi a nesa. Sai na ba da oda, suka haƙa yadda na ce, ransu bai so ba.” Ya numfasa. “Lissafina daidai ne, wannan ban taɓa shakka ba. Abin da ban sani ba, ko ina da ikon sa baki, ni da ba Musulmi ba. Idan na yi shisshigi, Hajiya, ki yafe mini.”

Mma ta saki sandar, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwar nan, a shekarunta, da ƙafarta. Ta ce, “Kai ka goyo shi, kai ka suturta shi, kai ka gyara masa kwanciya. Ni ce da godiya, ranka ya daɗe. Allah Ya saka maka.”

'Yarsa ba ta jin ko kalma ɗaya, amma kuka take. Da ni da ita muka ɗaga Mma. Dakta ya je ya kawo mota. Da muka hau titi na waiga ta gilashin baya, na gan shi a bakin ƙofar, ya mayar da hularsa, ya miƙe baya iyakar iyawarsa, hannunsa na dama a goshi. Bai sauke ba har muka sha kwana.

Komawa Manchester

Hajiya Zainab ta so mu ƙara kwana, Mma ta ce gida take so. Ta cika mana jaka da dambun nama, Dakta ya kai mu tasha bayan azahar, ya ƙi tafiya sai da motar ta ɗaga. Wannan karon Mma ba ta kalli gada ba, ba ta kalli tumaki ba. Muna barin gari ta ɗora kai a kafaɗata ta yi barci, har da minshari, ni kuma na zauna ban motsa ba don kada in tashe ta. Ina ta juya maganar a raina: ina da uba da aka yi wa sallah sahu biyu, yana kwance a wani daji da ba zan taɓa gani ba, fuskarsa tana duban alƙibla.

Mun iso Moss Side ana shirin magariba. Ina miƙa godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, da Dakta Nasiru da Hajiya Zainab da suka ɗauke mu kamar iyayensu, da baiwar Allahn nan da ta bar ubanta ya fita cikin ruwa don baƙin da ba ta sani ba. 'Yan'uwa na Aboabo da Sabon Zango, duk wanda ya karanta wannan ya sa Kofur Salifu a addu'a.

Muna shiga gida Mma ta ce in haɗa mata ruwa mai zafi. Ta daɗe a banɗaki. Da ta fito ta sa na buɗe akwatinta, ta tsallake fararen kayan da ta saba sawa, ta zaro wata atamfa mai ruwan goro daga can ƙasa. Ta ɗaura, ta ce in miƙo mata turarena, ta fesa a wuya da hannuwa. Ta zauna bakin gado ta ce in kawo kwalli.

Na ce, “Mma, ina za ki da yamman nan?”

“Ba inda za ni. Yau na fita takaba.”

“Takabar wa? Ai kin yi tun ina ciki.”

Ta karɓi kwallin ta ja madubi kusa da fuskarta.

“Waccan ta idon mutane na yi,” in ji ta. “Wannan ce tawa.”